Ƙarfen da Ke Rataye a Mangwaron Gidanmu

A Kirsimetin bara, da kuka ɗauko ni a mota kuka kai ni gidan 'yar'uwarku Rifkatu a Kotto, ina zaune a kujerar nan mai laushi da ke haɗiye mutum, sai na ji ɗaya daga cikin jikokina yana gaya wa ɗan'uwansa wai kakansu Iliya ba shi da gefe a lokacin rikici, wai ɓuya ya yi a coci har abin ya wuce. Ban tanka ba, bakina cike yake da nama, haƙoran kuma sun ragu. Amma kunnena bai tsufa ba. Kun san ni, ban yi makaranta mai nisa ba, karatun Hausar ma a zumuntar mata na ƙarasa shi, sai dai abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku shekarar nan yadda take, tunda a tsakar gidana aka yi abin, ni kuwa kun san ba fita nake yi ba.

Gidanmu na unguwar New Bell a Douala, inda yawancinku kuka yi rarrafe, bangonsa ɗaya da majami'armu. 'Yar ƙaramar majami'a ce ta mutanen arewa, masu gadi da masu tura kaya da mahauta kaɗan, ana sujada da Hausa a fassara da Fulatanci. Fasto ba ya zaune da mu, sai in za a yi Jibin Ubangiji yake zuwa daga wata unguwa, saboda haka nauyin duk yana kan Iliya, shi ne dattijon ikilisiya. Maƙwabtanmu kuwa ta kowane gefe Hausawa ne Musulmi waɗanda kakanninsu suka zo da fataucin goro da shanu. Gidajen duk na katako ne, irin da ake kira karabot, a manne da juna, lungun da ke tsakaninsu in mace mai jiki ta ɗauko ruwa sai ta karkace take wucewa. Ba mu da ƙararrawa irin ta manyan coci. Abin da muke da shi ƙarfen tayar lori ne da aka cire wa roba, aka rataye shi da sarƙa a reshen mangwaron tsakar gidanmu, daidai ƙofar inda nake girki. Da wani guntun ƙarfe mai tsawon hannu ake dukansa. Duk wanda zai taɓa shi sai ya shigo ta zaurenmu ya wuce ta gabana.

Tun kafin a kawo ni gidan akwai magana tsakanin dattawanmu da limamin unguwa a kan ƙarfen nan. In aka buga shi a hankali, da tazara, sujada ce, kuma ba a taɓa bugawa ana kiran salla. In kuwa aka ji shi ba ƙaƙƙautawa, to wuta ce, babu Kirista babu Musulmi, kowa ya fito da bokiti. Motar 'yan kwana-kwana ba ta iya shiga lungunanmu, ƙarfen nan ne pompiyenmu. Yaro a unguwar kafin ya iya magana ya san bambancin bugun biyu. Na ga tsoho ya fito daga wanka da kumfa a kai da bokiti a hannu saboda shi.

Sai shekarar da aka ce a kashe gari ta zo. Ku da kuka tashi kuka tarar da jam'iyyu barkatai ba za ku gane yadda abin ya shigo mana ba. 'Yan adawa suka ce daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba taksi, ba ofis, sai Asabar a buɗe a yi cefane. Samari suka tare manyan hanyoyi da tayu da gumagumai, suna sayar da wani jan kati, in ba ka da shi ba ka wucewa. Sojoji su zo su watsa su da harbi, su tafi, samarin su dawo. Man fetur sai na jarka da ake shigowa da shi a ɓoye, zuwa-zuwa ake ce masa, kowane lungu da mai sayarwa. A shekarar ce aka fara ɗaukar mutane a babur don kuɗi. Ni duk wannan ta bango nake jinsa, da ta bakin masu zuwa sayen makala, irin fanken nan da nake toyawa da safe. Kuma na ji abin da ya fi harbin ba ni tsoro: mutanen da suka shekara suna cin abinci kwano ɗaya sun fara rage murya in ɗayansu ya shigo.

Majami'armu ma abin ya shige ta. Ba wanda ya ce a raba, amma Lahadi bayan Lahadi sai na ga masu son gwamnati sun koma bencin dama, masu son canji sun koma na hagu, mu mata a baya muna kallon ƙeyar mazanmu muna lissafin wa ya ƙaura. Babban ɗanmu Bitrus, yayanku, yana hagu, can gaba. Ya gama makaranta da takarda mai kyau ya rasa aiki, kullum yana gida yana karanta jarida yana tsaki. Ba ɗan iska ba ne, kada wani ya gaya muku haka. Abin da yake faɗa game da masu mulki yawancinsa gaskiya ne, mahaifinsa ma bai taɓa ce masa ƙarya yake yi ba.

Na farkon da ya zo neman ƙarfen shi ne Umaru, ɗan Hajiya Dudu maƙwabciyata ta bayan bango. Ni da Hajiya mun shekara muna miƙa wa juna gishiri da labari ta wata kafa da ke jikin katako, ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun lokacin, ni kuma ba na fita, sai muka zama rediyon juna. Umaru na goya shi yana jariri, Goggo yake ce mini. Ya yi bokon Faransa sosai, yana aiki a wani ofis a Bonapriso, shi ya samo wa Iliya gadi a can, kuma shi ne idon jam'iyyar gwamnati a unguwar. Ya shigo wata Asabar da kwat a wannan zafi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ci makala biyu, sannan ya fuskanci Iliya. Ya ce ya san rufin cocinmu yana yoyo, manya sun yi alkawarin kwano sabo har da atamfa ga zumuntar mata. Abin da ake so kaɗan ne. Ranar da za a yi tattakin goyon baya, a buga ƙarfen ba ƙaƙƙautawa, in mutane suka fito sai a gaya musu ga motoci can a bakin titi. Ya yi ta bayani, in Hausar ta ƙare masa ya zarce da Faransanci, ya dawo.

Iliya ya bar shi ya gama, ya ce:

"Umaru, in na buga maka yau suka fito da bokiti suka tarar da tuta, ranar da ɗakin Hajiya zai kama wa zai fito?"

Umaru ya yi dariya ya ce Baba Iliya ya cika dogon tunani, sau ɗaya ne fa. Iliya ya ce ya gode da kwanon, Allah ya saka, amma ƙarfen ba nasa ba ne balle ya ba da aro. Da Umaru zai fita ya tsaya a kaina ya ce, "Goggo, ki yi masa magana, aikinsa ba a hannuna kaɗai yake ba." Na ce masa ya gaishe mini da Hajiya. Wata bai ƙare ba aka gaya wa Iliya ya huta a gida, ba a ce don me ba. Daga nan makalata ce ke ciyar da mu, ita ma ranar da babu fulawa sai mu sha kunu. Damina ta sauka, irin ruwan Douala da ba ya gajiya, muna sujada da tasoshi a jere a tsakanin benci, ruwa yana ɗiga yana yi wa waƙarmu kiɗa. Na dama suka ce Iliya ya hana su rufi saboda ɗansa ɗan adawa ne. Kafar bangon nan kuwa sai na wayi gari an toshe ta da tsumma daga wancan gefen. Wannan ya fi yunwar ci mini rai.

Kada ku ɗauka mahaifinku shiru ya yi a shekarar. Ban taɓa jin ya yi magana kamar lokacin ba. Ranar Lahadi in ya tashi addu'a, sai ya yi wa masu mulki addu'a Allah ya ba su tsoronsa, na hagu su yi ta motsi. Bai sauke numfashi ba sai ya kama sunayen yaran unguwa da aka harba ko aka tsare, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen iyayensu, ya ce jininsu yana gaban Allah kuma wanda ya zubar zai amsa, sai na dama su sunkuyar da kai. Sannan ya ambaci mai shagon da samari suka ƙona wa kaya don ya buɗe ranar Talata, ya ce wannan ma zalunci ne, ba a canza masa suna. Kowa ya fita da fushinsa. Da ƙafa yake zuwa kamisariya, wato ofishin 'yan sanda, neman yaran da aka kama, Kirista ko Musulmi, ya zauna a ƙofa har a gaji da ganinsa. Wata Lahadi da fasto ya zo, Iliya ya sa aka juya bencin duka aka yi da'ira, ya ce teburin Ubangiji ba shi da dama ba shi da hagu, wanda zai sha ƙoƙon daga hannun na kusa da shi zai karɓa. Da idona na ga wani ɗan sanda ɗan ikilisiyarmu ya karɓi ƙoƙon daga hannun matar da ɗanta yake tsare. Wasu kuwa suka ɗauki takalmansu suka fita, har yau ba su dawo ba.

A gida kullum gardama ce shi da Bitrus a kan tabarma, ni ina tankaɗe ina ji. Bitrus ya ce wanda ya tsaya a tsakiya a rana irin wannan yana tare da mai bindiga ne. Iliya ya ce shi ba a tsakiya yake ba, yana da Sarki, kuma Sarkinsa bai tsaya zaɓe ba balle a kayar da shi. Ya ce Yesu ne zai yi wa mai mulki shari'a, shi ne kuma zai yi wa mai son karɓar mulkin, to yaya za a yi ikilisiya ta zama 'yar amshin ɗaya daga cikin waɗanda za a gurfanar. Na riƙe wata magana da ya yi masa, don na sha maimaita ta a zumuntar mata:

"Jam'iyya taksi ce, Bitrus. Ka shiga wadda kake ganin za ta kai ka, ban hana ka ba, nima in an zo zaɓe zan zaɓa. In direba ya kauce hanya ka yi masa magana, in ya ƙi ka sauka. Amma ba a yi wa taksi sujada, ba a kuma kai ka ka yanka ɗan'uwanka don ya shiga wata."

Bitrus ya ce, "To ai taksin ma babu, Baba, mun hana su fita." Iliya ya yi dariya har da tari. Haka suke, suna faɗa suna dariya, har ranar da dariyar ta ƙare.

Ranar da hantsi ne, Iliya ya tafi kamisariya. A daren da ya gabata an harbi abokin Bitrus, yaron da suka tashi tare, wanda na sha zuba wa tuwo. Ina zaune a kujerata ƙarƙashin mangwaro ina ɓare agushi, sai ga Bitrus da samari a bayansa sun cika zaure, idanunsa jawur. Ya ce sojoji suna tahowa ta babban titi, su kaɗai ba za su iya tare su ba, amma in aka buga ƙarfen unguwa duka za ta fito, tsofaffi da mata da kowa, sojan ba zai yi harbi cikin taro haka ba. Ban san lokacin da na jawo guntun ƙarfen na zauna a kansa ba. Ya durƙusa a gabana, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada abokansa su ji.

"Mama, wannan ma ai wuta ce. Ƙasar ce take ci."

Na ce, "Da bokiti za su fito, Bitrus. Tsohuwa za ta fito da bokiti ta tarar da bindiga, ita ba ta zaɓa ba, ni na yaudare ta. Ka je ƙofa-ƙofa ka gaya musu gaskiya, wanda ya ga zai bi ka ya bi ka."

Ya ce babu lokaci. Wani daga zaure ya ce a ɗauki dutse a buga mana, ai ƙarfe ƙarfe ne. Na ce masa bismilla, amma sai ya ɗaga ni tukuna, don kaina yana daidai ƙarƙashinsa. Ba wanda ya motsa, yawancinsu makalata ce ta raine su. Bitrus ya dube ni ya ce ashe shi ba shi da uwa ba shi da uba, ƙarfe suka haifa. Ya shiga ɗaki ya ɗauki jakarsa ya fita. Na ji daga baya a Sodiko yake kwana wajen wani abokinsa, can ƙetaren gada, da rana ya dawo bakin shingen tayu na babban titinmu, amma lungunmu ba ya shigowa. Agushin nan ban ƙarasa ɓare shi ba. Da Iliya ya dawo na gaya masa, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, mutumin da bai taɓa yin haka ba, ya ce, "Saratu, yau ke ce dattijon." Na ce ya riƙe dattijancinsa ya dawo mini da ɗana. Mun yi makonni ina ajiye masa abinci ba na kallonsa. Ina faɗa muku wannan ne don ku san abin ba da sauƙi ya zo ba. Na hagu su ma suka ragu a sujada, suka ce mun sayar da yara. Akwai Lahadin da in ka cire mu da tasoshin ruwa, waɗanda suka zo ba su cika benci biyu ba, Iliya ya buga ƙarfensa a hankali kamar kullum ya yi wa'azi kamar ɗakin a cike yake.

Kafin damina ta ɗauke unguwar ta zama kamar jarkar zuwa-zuwa ita kanta. Ana ta raɗe-raɗin samari sun ce gidan Umaru za su ƙona. 'Yan kasuwa 'yan arewa kuma suka ce duk wanda ya taɓa gida ɗaya a unguwar Hausawa, to a shirya. Daga inda nake zaune ina jin ana wasa adda a kan dutse a gidaje, a lokacin da ba layya ba.

Ranar wata Laraba ce, gari a mace, rana ta fito bayan ruwa, ana dab da azahar. Iliya ba ya nan, kamisariya kuma. A gidan su Hajiya akwai wani ɗan haya mai sayar da zuwa-zuwa, a ɗakinsa yake ajiye jarkokin. Ina wanke tukunya sai na ji ta bango risho ya kife, na san ƙararsa, na ji matar ɗan hayar ta yi salati tana cewa mai, mai, sannan wani irin gurnani kamar an buɗe bakin tanderu. Kafin in miƙe hayaƙi baƙi ya rufe saman mangwaro. Sai na ji abin da ya tsayar mini da jini. A lungu wani yana gudu yana cewa sun zo, sun sa wa gidan Umaru wuta, wani yana amsa masa a fito da adda. Ni kaɗai a duk unguwar, in ka cire matar nan, na san risho ne. Ƙafata ba za ta kai ni lungu-lungu in faɗa ba, muryata ba za ta wuce zaure ba.

Mace ba ta taɓa buga ƙarfen nan ba. Na ɗauki guntun da hannu biyu na fara duka. Ban san ina da ƙarfi haka ba. Ɗankwalina ya faɗi, zanina ya kwance na taka shi, ɗanyun mangwaro suna faɗo mini a ka, ina duka ina cewa Yesu ka ji, Yesu ka ji, ban tsaya ba har kunnuwana suka toshe. Ta ƙofar zaure ina hango lungu. Na ga wani mahauci da na sani ya fito da wuƙarsa tsirara, ya tsaya, ya ɗaga kai yana saurare, ya juya cikin gida, ya sake fitowa da bokiti. Na ga ladan ya fito daga masallaci da butoci a hannu biyu. Ƙofofi suna ta buɗewa. Matan da suka daina gaishe ni suka wuce da baho a ka. Ba wanda ya tsaya tambayar na wa ne bugun, don kowa ya san an nema an rasa, Umaru ya nema da kwano bai samu ba, ɗan gidan ya nema da hawaye bai samu ba. In ƙarfen gidan Iliya ya yi kuka haka, wuta ce, ba wani abu ba.

Sai ga samarin shinge sun shigo lungun da gudu, su da aka ce su ne suka sa wutar. Nan ne na ce yau za a yi ta. Amma hannunsu ba komai sai gwangwanaye da jarkokin da suka yanke wa baki, Bitrus a gaba. Bai kalli gidanmu ba. Ya tambayi ina Hajiya, aka ce tana ciki. Ya fisgi zanin wata mata daga igiya, ya tsoma a kwata, ya lulluɓa ya shiga. Tabon nan da kuke gani a hannunsa na dama, wanda yake ce muku na babur ne, a nan ya samo shi. Ya fito da Hajiya Dudu a bayansa, ya shigo da ita gidanmu ya sauke ta a kan tabarmar da suke gardama shi da ubansa. Ina ta duka har lokacin. Ya zo ya riƙe hannuna ya ce:

"Ya isa, Mama. Kowa ya fito."

Aka yi layi daga rijiyar masallaci da tamu har bakin wutar, bokiti yana tafiya daga hannu zuwa hannu. Umaru ya iso a guje daga inda yake, ya cire kwat ya shiga layin, wanda ke miƙa masa ruwa yaron da ya ce a ɗauki dutse ne. Mahauta suka sa addunan da aka wasa don saran mutane, suka sare katakon ɗakunan da ke gaba don wutar ta rasa abin ci. Ɗakuna da yawa sun tafi, gefen gidan Umaru ya ƙone ƙurmus, bangon da ke tsakanina da Hajiya ma ya tafi da kafarsa da tsummansa. Amma ba a rasa rai ko ɗaya ba, ba a zubar da jinin kowa ba. Da la'asar Iliya ya dawo ya tarar da tsakar gidansa cike da mutane baƙi ƙirin da toka, liman yana zaune a kujerata, ɗan sandan nan yana ɗaure wa Bitrus hannu da man kaɗanya da tsumma. Ya tsaya a zaure yana kallo. Hajiya, da take kwance tana tari, ita ta fara magana. Ta ce, "Malam Iliya, matarka ta kusa kashe mu da ƙara, a saya mata ƙararrawar kirki." Aka yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba a unguwar.

Washegari Umaru ya zo ya durƙusa a gabana ya daɗe, Hausa ta ƙi zuwa, Faransanci ma ya ƙi. Na ba shi makala. Hajiya a ɗakina ta zauna har aka gyara nata, muka huta da magana ta kafa. Kada ku ce kowa ya tuba ya bar jam'iyyarsa, ba haka aka yi ba. Umaru ya mutu yana ɗan gwamnati, Bitrus har gobe ɗan adawa ne, kun dai ji shi a Kirsimetin. Bayan wutar sukan zauna ƙarƙashin mangwaron nan su yi ta musu har abinci ya huce, Iliya yana tsakaninsu yana ɓata wa kowa rai da gaskiya. Aikin gadin bai dawo ba. Rufin majami'a kuwa sai bayan shekaru muka yi shi da hannunmu, kuma ranar da za a ɗora kwanon, matasan masallaci ne suka hau sama tare da namu.

Na taɓa tambayar Bitrus, da hannunsa ya warke, me ya sa ya baro shingen ranar, alhali yana fushi da mu, kuma yana iya zama tarko ne. Ya ce shi bai yi shawara da kansa ba, ƙafarsa ce ta taho, abokansa ma haka. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa, da na buga masa a waccan ranar, da wannan karon ya tsaya yana tunanin wa kuma Mama ta bai wa aro.

To ku gaya wa yaron nan, ban riƙe shi a zuciya ba, bai sani ba ne. Kakansa yana da gefe, ya kuma biya kuɗinsa da aikinsa da rabin ikilisiyarsa, ni na kusa biya da ɗana. Yanzu majami'a tana da lasifika, mangwaron ma an sare shi da aka faɗaɗa gini, ƙarfen yana jingine a bayan ɗakina, na hana masu gwangwan su ɗauka. In kun zo New Bell ku kawo shi ya ɗaga guntun nan da hannunsa ya ji nauyinsa. Amma ku gaya masa tun daga hanya kada ya kuskura ya buga. Akwai tsofaffi a lungun har yanzu da za su fito da bokiti.